Wane ne ainihin aibin Hamlet: jan ƙafa ko gaggawa?

Assalamu alaikum. An ba mu jinga a kan wasan kwaikwayon Hamlet na Shakespeare, mu fito da aibin halin da ya kai shi ga halaka. Abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na fara da hujjar da aka saba kawowa, wato jan ƙafa. A kashi na 3, fitowa ta 3, Hamlet ya tarar da baffansa Sarki Claudius, wanda ya kashe masa mahaifi, a durƙushe yana addu'a, ya zare takobi, sai ya fasa, gudun kada ya kashe shi cikin tuba ya samu aljanna. To amma a fitowa ta 4 ya soke Polonius, mashawarcin sarki, ta bayan labule, bai ko leƙa ya ga wane ne ba. Daga baya ya sauya wasiƙar sarki mai umarnin a kashe shi, aka kashe tsoffin abokansa Rosencrantz da Guildenstern, masu ɗauke da ita, a Ingila, ko a jikinsa. Mai jan ƙafa ba ya haka.

Na koma kan gaggawa, ita ma ta rushe, domin sai da ya shirya wasa a fada kafin ya gaskata fatalwar mahaifinsa, wadda ta ce Claudius ne ya yi kisan.

Don Allah, wane hali guda ɗaya ne zai bayyana fasa kashe Claudius da kashe Polonius a dare ɗaya?