Musayar Waƙa: Belle Vue, Babur Ba Birki

Baba Na-Gorton:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan karon na ɗauko Belle Vue Aces, tsohuwar ƙungiyar tseren babura ta Manchester. Mai amsawa ya amsa da baiti, ya ɗauki amon da ya yi masa, sharaɗi ɗaya ne: kada a kawo abin da ba a tabbatar ba.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
  Salati ga Manzo, hasken duniya.

Ku matso ku ji asalin wani tsere,
  Da ya taso daga can Ostireliya.

A West Maitland, shekarar 1923,
  A filin baje koli babura suka zagaya.

Johnnie Hoskins na cikin masu shiri,
  Daga baya ya bi wasan har Birtaniya.

Fabrairun 1928 a High Beech,
  Jama'a har kan bishiyoyi, sun toshe hanya.

Shekarar ba ta fita ba Manchester ta karɓa,
  A filin tseren karnuka ƙungiya ta tsaya.

Da 1929 ta kama, sai filin Hyde Road,
  Cikin lambun Belle Vue, maƙwabtan zakanya.

Nan gidan zu, nan lilo, nan tsere,
  Talakan birni ya zo da mata da 'ya'ya.

Rumfunan katako na cin mutum dubu 40,
  Injuna na tashi, baki ya mutu gaba ɗaya.

Daga 1933 zuwa 1936,
  Kofin lig bai kwana waje ba ko sau ɗaya.

Eric Langton, Bill Kitchen, Max Grosskreutz,
  Su suka sa ƙungiyoyin Landan suka sunkuya.

Frank Varey mai jar riga, can Ajantina
  Jan Shaiɗan suke ce masa, don ba ya ja da baya.

Ni Belle Vue tawa ta Hyde Road ce,
  Ran da aka rushe ta muka karɓi ta'aziyya.

Mai ja da wannan ya fito da baitinsa,
  Ga fili ga mai doki, ba na gudun jayayya.

Ɗan Gareji:

Baba, na ji batunka da kunnen basira,
  Amma akwai abin da ya ban mamaki.

Na ga hoton babur ɗin a waya,
  Gaba da baya na duba, ba birki.

Ni kullum hannuna cikin baƙin mai,
  Gyaran babur shi ne abinci, shi ne aiki.

Wanda ya kawo min nasa birki ya lalace,
  Ba zai fita da shi ba, ko zai yi ta tsaki.

To su ta yaya suke shan kwana?
  Me ke raba katanga da jiki?

Autan Zaure:

Yaya Ɗan Gareji, wannan tawa ce, don ni a gefen fili nake tsayawa.

Yaya, matso kusa ka ga yadda ake,
  Totur ɗin nan shi ne madadin birki.

Silinda ɗaya ce, cc 500,
  Giya ɗaya tak, ba canji a tsakar aiki.

Ba fetur ake zuba masa ba, metanol ne,
  Ƙamshin hayaƙinsa na bin ka har ɗaki.

Mutum huɗu ke jeruwa a bakin zare,
  Hula ja, shuɗiya, fara, rawaya, kowa da ɗoki.

Zare na ɗagawa a saki kuloci,
  Tayar baya ta watso maka burji har baki.

In an iso kwana ba a kashe wuta,
  Bayan babur ake jefawa gefe, a karkata jiki.

Tayar baya na sulɓi tana haƙar ƙasa,
  Ta gaba na kallon dama, hagu kuwa ake tuƙi.

Ƙafar hagu da takalmin ƙarfe,
  Tana shafar ƙasa, ta tallafe mahayi da doki.

Zagaye huɗu, kusan minti ɗaya an gama,
  Na ɗaya 3, na biyu 2, na uku 1 a maki.

Na huɗu ya koma da ƙura a fuska,
  Karo 15 ake yi kafin a tashi biki.

Malama Mai Alli:

Auta ya biya ka, Ɗan Gareji. Ni da Baba nake. Ka yi tsalle daga 1936 ka faɗa kan rusau, ka bar shekarun yaƙi, ka bar Craven.

Baba, ka yi sauri ka bar mu a baya,
  Akwai shekarun da ba a tsallakewa.

1936 a Wembley ta Landan,
  Gasar duniya ta farko ake gwabzawa.

Langton namu da Van Praag suka yi kunnen doki,
  Aka sake su su biyu don rabewa.

Van Praag ɗan Ostireliya ya sha gaba,
  Kambu ya wuce Langton yana dubawa.

1939 yaƙin duniya ya ɓarke,
  Filayen Ingila suka dinga rufewa.

Jiragen Jamus na zuba wa Manchester bom,
  Hyde Road kuwa ta ci gaba da buɗewa.

Mace ce ta riƙe ragamar wajen,
  Alice Hart, suna ne da ya cancanci tunawa.

Yaƙi ya ƙare, sai ga yaron Liverpool,
  Peter Craven, ƙaramin jiki, babba wajen karawa.

In ya rataya a gefen babur a kwana,
  Mai kallo ya rufe ido, ya ce ga faɗuwa.

Sai ya miƙe ya fito gaban kowa,
  Har suka sa masa mayen daidaitawa.

1955 ya ci duniya a Wembley,
  1962 ya koma ya sake ɗaukowa.

Satumbar 1963 a Edinburgh,
  Filin Meadowbank, daren da ba a mantawa.

Na gabansa injinsa ya cije ya faɗi,
  Craven na biye, ba halin tsayawa.

Ya kauce don kada ya bi ta kansa,
  Katangar fili ce ta tare shi a kaucewa.

Kwana huɗu a asibiti bai farfaɗo ba,
  Ran 24 ga wata aka sanar da rasuwa.

Shekararsa 29 kacal a duniya,
  Yana kan ganiyarsa, ba alamar gazawa.

Shekarar nan Belle Vue ta ɗau kofin lig,
  An ɗaga shi sama, amma ba mai darawa.

Har gobe akwai gasa da sunansa,
  Manyan mahaya ke zuwa su yi fafatawa.

Ɗan Gareji:

Malama, kin sa na ajiye sifana,
  Wannan labari ya taɓa ni har ciki.

Mai neman nasara ya ga mutum a ƙasa,
  Ya zaɓi katanga, ga shi ba birki.

A wurina wannan kaucewar ɗaya,
  Ta fi kambu biyun, ta fi duk wani maki.

Autan Zaure:

Malama, Allah ya saka, kin sa mu shiru,
  Bari in share mana hawaye da labarin nasara.

Ivan Mauger daga Christchurch ta New Zealand,
  1969 ya iso Hyde Road ya ɗora.

Shi ba ya barin komai ga sa'a,
  Da kansa yake tsayawa a kwance inji a gyara.

Zare na motsi ya riga kowa fita,
  Na bayansa sai dai su sha ƙura.

In ya riga ka shan kwanar farko,
  Sauran zagayen wahala ce, gara ka haƙura.

1968, 1969, 1970,
  Kambun duniya uku a jere ya tara.

Babur ɗin na ukun zinariya aka shafa masa,
  Aka kai shi gidan tarihin garinsu don masu ziyara.

Ya ƙara uku, na ƙarshe a 1979,
  Shida cif, ba ƙarfi kaɗai ba, har da dabara.

Lig kuwa daga 1970 har 1972,
  Belle Vue ce uku a jere, ba ta da tsara.

Baba, cikin duk wanda ya taka Hyde Road,
  Nuna min wanda ya kamo shi, ina jira.

Baba Na-Gorton:

Auta, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Zauna.

Auta, Mauger gwani ne na gaske,
  Wannan ko maƙiyinsa bai musa ba.

Amma na 1968 yana Newcastle ya ci,
  Biyun ƙarshe kuma ba da rigarmu ba.

Ya zo ya yi aiki ya kama gabansa,
  Peter Collins tun da ya zo bai tafi ba.

Ɗan Manchester ne, a nan aka haife shi,
  Har 1986 bai sauya riga ba.

Shi sau da yawa a baya yake tashi,
  Amma wanda ya san shi bai cire rai ba.

Sai ya buɗe ya bi ta jikin katanga,
  Inda burji ya taru, wani bai kuskura ba.

Ka ji rumfar katako na amsa ƙafafu,
  Ya wuce biyu a kwana ɗaya, ba su gan shi ba.

1976 a Chorzów ta ƙasar Poland,
  Ya ɗau kambun duniya, ba ma a gida ba.

Da shekara ta zagayo ƙafarsa ta karye,
  Ana saura kwanaki gasa, bai janye ba.

A Gothenburg da karayar ya hau babur,
  Ya zo na biyu, Mauger kaɗai bai kamo ba.

Shi da Chris Morton suka ci lig a 1982,
  Ba mu san shi ne na ƙarshe a Hyde Road ba.

Gidan zu tun 1977 aka rufe shi,
  Alama ce, mu ne ba mu karanta ba.

Mayun 1985, filin ƙwallo a Bradford,
  Wuta ta ci rumfar katako, mutum 56 ba su fita ba.

Daga nan hukuma ta sa ido kan katako,
  Kuɗin gyaran namu kuwa ba kaɗan ba.

1987 aka sayar da filin,
  Aka kawo katafila, ba a bar ko benci ba.

Inda Craven ke kwantar da babur a kwana,
  Gwanjon motoci aka kafa, ba tsere ba.

Yadi 418, ga faɗi, ko'ina hanya,
  Irinsa har yau ba a sake yi ba.

To ku gaya min, suna kaɗai ya isa?
  Ƙungiyar da aka rushe gidanta ba ta mutu ba?

Malama Mai Alli:

Baba, kukanka kuka ne na gaskiya,
  Wanda ya ga Hyde Road yaya zai manta?

Amma gini aka rushe, duba da kyau,
  Ko kakar wasa ɗaya ba a yi ba babu ita.

1988 ta koma Kirkmanshulme Lane,
  Filin karnukan nan da aka haife ta.

Wuri ƙarami, kwana a matse,
  Zaman haya, ba ita ke da ikon kanta.

Tana nan ta ci lig a 1993,
  A Wolverhampton, daren ƙarshe, ta ɗaga tuta.

Tana nan Jason Crump ya sa rigarta,
  2004 ya kawo kambun duniya gidanta.

Har 2015 tana wannan zama,
  Ruwa da sanyi, magoya baya na bin ta.

Matacce ba ya tara jama'a kowane mako,
  Baba, sai dai ka ce ta yi fama da cuta.

Autan Zaure:

Ta yi jinya, Malama, kuma ta miƙe,
  Mu muka ga ranar da ta tashi.

Morton ɗin nan na Baba bai zauna ba,
  Shi da abokan aiki suka bi hukumar birni ba fashi.

2016 aka buɗe sabon fili a Gorton,
  Kan titin nan dai, don babura aka gina shi.

Daren buɗewa ƙasar fili ba ta yi ba,
  Aka sallami jama'a, kowa ya tafi da haushi.

Aka koma aka gyara, yanzu tambayi mahaya,
  Na gida da baƙi duk suna yabon shi.

Kwana mai faɗi, ta ciki ko ta katanga,
  Na gaba bai tsira ba, ta ko'ina a iya wuce shi.

2021 Birtaniya ta ci kofin ƙasashe a nan,
  Dan Bewley namu na cikin waɗanda suka ɗaga shi.

2022 muka doke Sheffield a wasan ƙarshe,
  Shekara 29 ba kofin lig, ranar muka kashe ƙishi.

2024 ba mu tsaya dogon jira ba,
  Leicester ta zo wasan ƙarshe ta sha kashi.

Baba, daren Litinin muke yi yanzu,
  Zo ka gani da idonka, ka huce fushi.

Ɗan Gareji:

Ni dai Auta, in kun je, ka ɗauko min hoton injin nan daga kusa, da takalmin ƙarfen. Ina son in nuna wa yaran gareji.

Baba Na-Gorton:

Auta da Malama, kun haɗa min kai,
  Na ji hujjarku, kuma babu raini.

Jinya na yarda, tunda ta miƙe,
  Kuma Morton na da hannu a wannan gini.

Amma dubu 40 a daren Asabar,
  Ku labari kuka ji, rumfunan ni na gani.

Sabon filin bai kai dubu 7 ba,
  Sauran jama'ar ina suka shiga? Ku amsa mini.

Litinin mai zuwa zan sa rigar sanyi,
  Auta, ka tsaya a bakin ƙofa ka jira ni.

Wajen kwana ta uku nake so in tsaya,
  In Bewley ya gaji Collins a bin katanga, zan sani.