Neman shawara: ina so waken Kanannado ya riƙa fure da wuri, ba sai ya jira kaka ba

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Kanannado, tsohon irin waken nan na gida, ko an shuka shi a watan Yuni sai ya yi ta yaɗo, ba ya fure sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, alhali sabbin irin nan kwana arba'in sun fara fure. Shin za a iya yi musu barbara a samu wake mai manyan ƙwaya irin na Kanannado, amma mai fure da wuri? Ta ina ake farawa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malam. Ana iya yi, sai dai ka fara gane abin da ke riƙe shi. Kanannado tsawon yini yake bi, ba ya ƙirga kwanakinsa. A Kano yinin watan Yuni ya kusa awa 13, na Disamba kuwa bai kai awa 11 da rabi ba. Sai yini ya gajarta yake sakin fure. Iri kamar SAMPEA 10 na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ba ruwansa da wannan, da ya kai kwana 40 zuwa 45 zai yi fure, ga shi yana jure wuta-wuta. Shi za ka ɗauka uba, Kanannado ya zama uwa.

Matsalar farko ita ce su yi fure a lokaci guda. Don haka ka yi barbarar lokacin gajeren yini: ka shuka a ƙarshen Agusta, ko a lambu da rani. Uban ka shuka shi kashi uku, tsakanin kowane kashi mako guda, don kada furensa ya ƙare kafin uwar ta shirya. Ka guji tsakiyar hunturu, sanyi na jinkirta fure.

Amsa ta biyu: Bari in ɗora kan aikin hannun, don a nan mutane ke faɗuwa. Wake kansa yake yi wa barbara tun kafin furen ya buɗe, saboda haka in ka jira ka ga fure a buɗe, ka makara. Da la'asar sakaliya ka nemi ƙullin furen da zai buɗe gobe, wanda korensa ya fara koɗewa. Ka tsaga shi a hankali da matsefata, ka cire zaren namiji guda goma da ke ciki, ka ƙirga su, kada ka taɓa kan macen, wato tsinken da ke tsakiyar furen mai karɓar garin namiji. Ɗaya ya saura, aikin ya ɓaci. Washegari da sassafe ka tsinko buɗaɗɗen furen uban, ka goga garinsa a kan macen, ka ɗaura zare mai launi a gindin. Sauran furannin da ke kan wannan sanda ka cire su. Matsefatar ka riƙa goge ta da sifirit.

Yawancin furannin da ka yi wa barbara za su zube, musamman in akwai zafi da busasshiyar iska, kada hakan ya karya maka gwiwa. Ka yi talatin ko fiye. Wanda ya kama, cikin mako uku kwanson ya nuna. Kuma ka yi feshin ƙwarin fure, in ba haka ba su riga ka.

Mai tambaya: Na gode Malam. To 'ya'yan farko su ne irin da nake nema?

Amsa ta uku: A'a ɗan'uwa, da sauran tafiya. Ƙwayar da za ka ɓare a kwanson farko kamar Kanannado za ka gan ta, domin fatar wake jikin uwa ce. Kada ka ɗauka barbarar ba ta kama ba. Zuriyar farko kuma galibi takan bi Kanannado wajen jinkiri. A zuriya ta biyu hali ke rarrabuwa, can za ka yi zaɓe.

Kuskuren da ya fi kowanne: yin zaɓen da rani. A gajeren yini kowa fure yake da wuri, ba ka bambance mai halin jinkirin da marar shi. Zuriya ta biyu ka shuka ta a watan Yuni ko farkon Yuli, gindi 200 ko sama, ɗaya a kowane rami. Duk wanda ya yi fure kafin kwana 50 ka ɗaura masa zare, ka girbe kowane gindi a takardarsa daban. A cikinsu ka tace masu manya, fararen ƙwaya. Haka za ka maimaita har zuriya ta biyar ko ta shida kafin irin da ka zaɓa ya daina fitar da bare. Da ban ruwa za ka iya zuriya biyu zuwa uku a shekara, amma zaɓen fure na damina ne kawai.

Amsa ta huɗu: Abu ɗaya ba a faɗa ba. Jinkirin nan shi ke ba Kanannado dogon yaɗo da harawa mai yawa. Ka rage masa kwana, harawa ta ragu. In kana da tumaki, ka bar 'yan kunyoyi na tsohon irin a gefe. In kuma ƙwayar ta fito ƙanana, ka mayar da mafi saurin furen cikinsu kan Kanannado sau ɗaya, ka sake zaɓe a damina.