Ƙanina ya ce kwalejinsu a Amurka kamar tashar mota take, haka abin yake?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda ke Amurka ko suka taɓa karatu a can ku ba ni haske. Ƙanina ya tafi watan Agusta da bizar ɗalibi, yana zaune wurin kawunmu a Bronx cikin birnin New York, ya shiga irin kwalejin nan ta shekara biyu da suke kira kwamuniti kwalej saboda kuɗinta ya fi sauƙi, in ya gama sai ya koma jami'a ya ƙarasa sauran biyun. Toh tun da ya fara kullum ƙorafi, wai babu hostel, ba wanda ya san wani, ana tashi daga lakca kowa ya suri jakarsa ya ruga ya kama jirgin ƙasa, wai ma wanda ke zama kusa da shi a ajin lissafi ya kai sa'ar babanmu kuma direban bas ne. Yaron nan a gida shi ne ƙwallo shi ne wasan kwaikwayo, yanzu in ka kira shi yana ƙule a ɗaki yana danna waya. Hajiyarmu har ta fara cewa a dawo mata da ɗanta ya shiga BUK. Ni poli na yi, na san MSS da zaɓen SUG da makon al'adu da hira wajen mai shayi har ɗayan dare. Shin can babu irin wannan sam, ko shi ne bai san hanya ba?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Malam Abban Sadiq. Yaron bai yi ƙarya ba wallahi, na yi irin makarantar nan a nan New York kuma semestata ta farko ko sunan mutum ɗaya ban riƙe ba. Yawancinsu ba su da ɗakin kwana, an gina su ne don mutanen gari masu aiki da iyali, wani daga aikin dare yake zuwa aji, wata kuma sauri take ta ɗauko yara daga makaranta, wa ke da lokacin tsayawa hira. CUNY, wato jami'ar birnin New York, ita kaɗai tana da irinsu guda 7 a cikin birnin nan, biyu ma a Bronx suke, kuma duk kusan haka rayuwar take.

Amma ƙungiyoyi akwai su, ba sa bin mutum ne kawai. Ka ce masa ya duba takardar kuɗin makarantarsa zai ga wani ɗan kuɗi na harkokin ɗalibai da ake karɓa duk semesta, da shi ake ba ƙungiyoyi kasafi, wato ko ya je ko bai je ba ya riga ya biya. Akwai ofis guda na rayuwar ɗalibai, nan zai tambayi jerin kulob-kulob da ranar taronsu. Mu a tamu akwai awa biyu a mako da aka ware musu da rana tsaka, yawancin azuzuwa ba a sa su a lokacin. Ni gaskiya fiza ta kyauta ce ta fara kai ni, ba wani kishin ƙungiya ba. An jera tebura a zaure kowace ƙungiya da nata, ina zagaye da faranti a hannu sai na hangi wani ɗan Gambiya da hula yana raba dabino, ashe teburin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ne. Ranar Juma'a ya ja ni wani aji a hawa na uku, mun ture kujeru jikin bango, an shimfiɗa darduma huɗu da wani tsohon bargo, takalma jibge a bakin ƙofa, wani yaro ɗan Bangladesh da bai fi shekara ashirin ba ya karanta huɗuba daga wayarsa hannunsa na rawa. Mu goma sha wani abu ne. A cikinsu na samu wanda ya ba ni tsohon littafin kemistiri kyauta, da wanda ya nuna min inda ake sayar da abincin halal mai araha kusa da tasha.

Kuma ku riƙa kiransa sosai daga yanzu, don a Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi a nan, ga sanyi, lokacin ne kewar gida take cin baƙo.

Maman Ilham:
Ɗan Zango ya faɗi gaskiya, sai dai bari in ja birki kaɗan don ni abin ya taɓa ƙona ni. Da na gano ƙungiyoyin nan sai na zama kamar an saki akuya a kasuwa, sakatariya a ƙungiyar ɗaliban Afirka, ina majalisar ɗalibai, ina dafa shinkafa da miyar taushe duk ranar al'adu, ƙarshe na samu C a darasin sassan jikin mutum kuma shi ne ake dubawa kafin a ɗauke ka karatun nas. Sai da na maimaita, shekara guda ta tafi a banza. Ɗaya ko biyu sun ishe shi.

Abban Sadiq tunda ka ce bizar ɗalibi gare shi, ka ja masa kunne kan abu biyu. Dole kowace semesta ya riƙe kiredit 12 aƙalla, wato ma'aunin yawan darussan da ya ɗauka, kada ya ajiye wani darasi don ya yi masa wuya sai ya fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Sannan aiki a cikin makaranta kawai aka yarje masa, awa 20 a mako in ana karatu, kada wani a unguwa ya ce zo ka tsare min shago ko ka yi kai saƙo da keke, ba tare da izini ba wannan kan iya lalata masa takardu. Aikin cikin makarantar kuwa shi kansa hanyar sanin mutane ne, laburare ko ɗakin kwamfuta ko wurin da ɗalibai ke koya wa junansu lissafi ana biyansu.

In kansa na ja akwai Phi Theta Kappa, ƙungiyar masu hazaƙa ce ta irin waɗannan kwalejoji tun 1918, galibi sai ka gama kiredit 12 da maki 3.5 cikin 4 sannan su aiko maka gayyata, kuma jami'o'i da dama na da sikolashif na musamman ga 'yan cikinta. Ranar da zai nemi komawa jami'a za a ce ya kawo wasiƙar shaida daga malami, to malamin da ya ga fuskarka sau biyu a mako cikin mutum talatin me zai rubuta? Kowace ƙungiya tana da malami mai kula da ita, ni tawa wasiƙar daga wurin malamar da ke kula da ƙungiyarmu ta fito.

Baffa Na Kurna:
Ni fa ban ga abin damuwa ba. Karatu aka tura shi ko biki? Dala ake canzawa a biya masa a wannan marra, ya zauna a ɗakin ya yi ta bita mana.

Maman Ilham:
Baffa Allah ya huci zuciyarka, amma yaron da ba ya magana da kowa wata huɗu ba bita yake ba, tagumi yake.

Koci Bala:
Ni maganar ƙwallon ce ta tsayar da ni. Kwalejojin nan suna da hukumar wasanninsu ta ƙasa, NJCAA, tun 1938 take, kuma rukuni uku ne, na ɗaya na iya ɗaukar nauyin ɗan wasa har da abinci da wurin kwana, na biyu kuɗin makaranta da littattafai, na uku kuwa ba ko sisi, sha'awa ce kawai. Na cikin CUNY a rukuni na uku suke don haka kada ku sa rai da kuɗi. Matsalarsa ita ce ƙwallon ƙafa da kaka ake bugawa, tun Agusta ake zaɓen 'yan wasa lokacin shi yana fama da jaka a filin jirgi, bana ta wuce shi. Ya nemi imel ɗin kocin a shafin makarantar ya rubuta masa yanzu, ya faɗi lambar da yake bugawa, in akwai bidiyonsa ko na gasar unguwa ne ya haɗa. Amma ya sani sai makinsa ya kai ake barinsa ya buga. Kafin nan ya tambayi samarin Zango a masallacin unguwarsu, ba a rasa masu taka leda ranar Lahadi.

Abban Sadiq:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na tura masa duka. Ya ce wai ya sha wuce wani allo cike da takardu kusa da kafteriya amma ya ɗauka tallan haya ne bai taɓa tsayawa ba, gobe zai duba. Hajiya Maman Ilham maganar shagon nan ta tsorata ni don akwai abokin kawu da ya fara yi masa tayin hakan, yau zan kira kawun da kaina. Koci Bala lamba 6 yake bugawa, bidiyon kuma yana wayar abokinsa a Gwammaja, sai na aika a karɓo.