Musayar waƙa: wa ya isa ya ba da sarauniya a wasan ces (darar Turawa)?

Ɗan Auta:
Yayyena ku matso ga wasan ces da ba ya mutuwa,
Landan, 1851, Anderssen na kai hari ba tsayawa.
Ya ba da bishof, hasumiya biyu ya bari ana ɗaukewa,
Ya miƙa sarauniya, abokin karawarsa Kieseritzky na ta haɗiyewa,
Doki biyu da bishof suka rufe sarki, ba hanyar tserewa.
Ni ma daga yau kyauta zan dinga yi, ba fasawa!

Yaya Mai Doki:
Ƙanena a hankali, ka ga kyauta, ba ka ga dalili ba.
Sarauniyar Kieseritzky na kusurwa tana kwasar ganima, ba ta waiwayi gida ba,
Hasumiyoyinsa biyu har aka tashi ko motsi ba su yi ba.
Gwada haka da wanda ya tsare ƙofarsa, ba za ka ji da daɗi ba.

Malam Dattijo:
Ku zauna yarana, ga wanda ya fi koyarwa:
Morphy a Paris, 1858, ana kiɗa a gidan opera yana bugawa,
Basaraken Brunswick da Isouard su biyu suna shawartawa.
Bai yi gaggawa ba, mayaƙansa ya fara fitarwa,
Kowane taku da barazana, ba ya barin su numfasawa.
Bishof ya ɗaure doki, sarkin abokan karawarsa na tsakiya ya rasa maɓoya,
Sai dokin Morphy ya faɗa b5, wani gida a kan allon, don hanya ta samu buɗewa,
Sarkinsa ya koma gefe, hasumiya ta hau layin d tana matsawa.
Sarauniyarsa a b8, an cinye ta dole, ba zaɓin kaucewa,
Taku na 17 hasumiya ta sauka d8, wasa ya zo ƙarewa.

Ɗan Auta:
Allah ya gafarta Malam, to Tal na Riga fa?
A 1960 ya kwace kambun duniya hannun Botvinnik, da wuta ya yi ta jefa!

Yaya Mai Doki:
Ka ƙarasa labarin, Auta, kar ka tsaya a rabi,
1961 Botvinnik ya karɓe abinsa, shi ma yana da babi.

Malam Dattijo:
Tal ya fi ƙarfinka tukuna, bar shi sai gaba.
Jera wasan Morphy zuwa taku na 9, ka rufe sauran, kar ka duba,
Nemo na 10 da kanka, ka faɗa min me ya sa doki, ba bishof ba.