Dan Allah a taimaka: bindiga uku a jimla ɗaya, me zan kira raifil?

Mai fassara: Salam jama'a. Ina da shirin wasanni da za a naɗa gobe ƙarfe 10 na safe, an ba ni labarin wata gasa ta Amurkawa wadda mutum ɗaya ke shiga fili da bindigogi uku, raifil da shotgan da fistol, yana gudu daga nan zuwa can yana harbin farantan ƙarfe da kwalaye agogo na ƙirga masa lokaci, in ya kuskure a ƙara masa daƙiƙoƙi. Inda na maƙale shi ne wajen shawarar da ake ba sabon shiga kan irin raifil ɗin da zai saya. Na rubuta "sai ya ajiye bindiga ya ɗauki bindiga ya kuma zaro bindiga", ni kaina sai da na yi dariya. Fistol ba matsala, ƙaramar bindiga. Sauran biyun fa?

Ɗan Zazzau: Doguwar bindiga mana, meye abin wahala

Mai fassara: Yaya ai shotgan ɗin ma doguwa ce, a hotunan da aka turo min ta ma fi raifil ɗin tsawo.

Tsohon soja: 'Yata bambancin a cikin bututun yake. Raifil an yanka mata layuka a ciki masu murɗawa, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, shi ya sa yake tafiya nesa bai karkace ba. Shotgan cikinta sumul ne, ƙananan ƙwayoyin dalma take watsawa. Mu a bariki raifil muke cewa tun ina kurtu, ban taɓa jin wani suna ba. Kuma ki kiyaye abu ɗaya, wadda galibinsu ke riƙewa a gasar nan AR-15 ce mai cin harsashi .223 ko 5.56, wato awon kaurinsa ke nan, kada ki kuskura ki ce "mai sarrafa kanta" yadda 'yan labarai suka saba, ita duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne.

Malamin Hausa: To ga shi Baba ya ba mu kalmar da bakinsa bai sani ba. Tunda murɗawar ciki ce ta raba ta da sauran, sunanta MURƊIYA. Jam'i murɗiyoyi. Shotgan kuma WATSIYA. Murɗiya, watsiya, ƙarama. Gajeru, Hausa tsantsa, babu bara a ƙofar Bature.

Ɗan Zazzau: Malam murɗiya kuma? Mai sauraro zai ɗauka labarin zaɓe ake yi 😂 "sabon shiga ya nemi murɗiya mai kyau"

Malamin Hausa: Kalma ɗaya tana ɗaukar ma'ana biyu a kowane harshe. Kunamar bindiga harbi take yi da ƙari? Amma kun karɓa. Matsalarku in ba daga Turanci abu ya fito ba kunya kuke ji.

Ta Maraɗi: Ku dai 'yan Nijeriya kullum ku ari ta Ingilishi ku ce ita ce Hausa. In kin ce raifil tsohon da ke sauraro a Tasawa bai san abin da kike nufi ba, mu nan fizi muke ji a bakin sojoji, wasu su ce karabin. Rediyo ba ta tsayawa a Jibiya fa.

Maharbi: Mu a daji abin da muka sani bindigar toka, adaka, harba-ka-ruga, sai mai baki biyu. Shotgan ku ce bindigar farauta kowa zai gane.

Tsohon soja: Da raifil ma ana farauta, kuma tasu ta gasar baki ɗaya gare ta.

Ɗalibar jami'a: Malam da girmamawa, ita bindigar ma daga Larabci muka aro ta, bunduƙiyya, harsashi daga rasas, albarushi daga barud. In aro bara ne to mun daɗe a ƙofar Balarabe. Abin ban dariya ma a Larabcin yau bunduƙiyya ita ce raifil ɗin, fistol musaddas suke cewa, mu ne muka tara su duka a kwando ɗaya.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida, kada ki haɗa shi da na jiya. Kuma ku yara kun karanta littafi biyu kun fara yi wa na gaba gyara.

Ɗalibar jami'a: Allah ya huci zuciyar Malam, ai shi ma ɗan gidan wata rana baƙo ne.

Mai fassara: Jama'a dan Allah dare na yi 🙏 Ga abin da labarin ke cewa ko zai taimaka. Wai sabon shiga kada ya zuba kuɗi a bindiga mai tsada, ya nemi wadda ba ta cijewa ko an yi harbi da yawa, bututu inci 16 zuwa 18 saboda ta yi daɗin juyawa a kusa kuma ta kai yadi 300 ko fiye, magazin, wato gidan harsashi, mai cin 30, da madubin saiti mai kusanto da abu daga ninki 1 zuwa 6, ragowar kuɗin ya sayi harsashi ya yi ta atisaye. Kuma ya duba rukunin da zai shiga kafin ya saya, don akwai rukunin da ba a yarda da madubi mai kusantowa ba, akwai na manyan harsasai .308. Kalmar raifil ta fito sau goma sha wani abu, ba zan iya cewa "bindiga mai murɗaɗɗen ciki" kowane layi ba, numfashina zai ƙare.

Tsohon soja: Inci 16 ɗin nan ma da dalili, dokarsu ta 1934 ta ware raifil mai gajeren bututu ta sa sai an yi mata rajista ta daban. Kuma AR ɗin daga sunan kamfanin ArmaLite ne, kada wani ya fassara miki shi da bindigar kai hari. Ki kuma faɗa a shirin cewa wasan can ne, kada wani yaro ya ji ya ɗauka a nan ma shiga shago ake yi a saya.

Edita mai ritaya: Ƙanwata ki yi yadda muke yi a ɗakin labarai. Karon farko ki ce "raifil, wato doguwar bindiga mai cin dogon zango", daga nan ki ci gaba da raifil, na Tasawa ma ya riga ya ji bayani. Shotgan ki ce bindiga mai watsi. Gasar kuma gasar bindiga uku, kada ki wahalar da kanki.

Ta Maraɗi: Da bayanin a gaba na yarda, amma ba don raifil ta fi fizi ba.

Malamin Hausa: Mai watsi ai watsiyata ce kuka cire mata riga. Ku ɗauki rabi ku bar rabi, ba komai. Ni dai a ajina murɗiya zan koyar.

Mai fassara: Na gode Baba, na gode yallaɓai edita, Malam a yi haƙuri mai watsi ta shiga. Saura abu ɗaya, ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bakin bututu don rage zillon bindiga in an harba, me zan ce masa?

Malamin Hausa: Takunkumi.

Ɗan Zazzau: Daga zaɓe mun koma Majalisar Ɗinkin Duniya kenan