Me ya hana 21 fitowa daga murabba'i biyu?

Ɗan Aji Shida:
Salamu alaikum, malamai. Ina jera lambobin da ake samu in aka tara murabba'i biyu, wato lamba sau kanta a haɗa da wata sau kanta. Ga farkon jerin: 1, 2, 4, 5, 8, 9, 10, 13, 16, 17, 18, 20, 25, 26, 29. Na sa sifili a lissafin, shi ya sa 4 da 9 suka shiga. Na gane dalilin da 7, 11 da 19 ba sa ciki: in aka raba murabba'i da 4, saura 0 ko 1 yake bari, biyu kuwa ba za su taɓa kai 3 ba. To amma 21 fa? Saura 1 take bari, daidai da 13 da 17. Na cire 1, 4, 9, 16 daga cikinta, na samu 20, 17, 12, 5, ko murabba'i ɗaya babu. Me ya hana ta?

Malama Mai Alli:
Wa alaikassalam, ɗana. Fasa ta ka ga cikinta: 21 ai 3 sau 7 ce. 13 da 17 kuwa ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kuma irin waɗannan ne masanin lissafi Fermat ya yi wa hukunci a 1640: duk wadda ta bar saura 1 tana fitowa daga murabba'i biyu, ta hanya ɗaya tak. Bai bar hujja ba, wani masanin, Euler, ne ya kawo ta bayan shekara ɗari da 'yan kai. In lamba mai rabuwa ce, sai ka duba 'ya'yan cikinta marasa rabuwa masu barin saura 3, irin su 3, 7, 11. Dole kowace ta zo da abokiyar tagwaitakarta. 45 ita ce 3 sau 3 sau 5, ga ta nan: 36 da 9. A 21 kuwa 3 ita kaɗai, 7 ma ita kaɗai, kuma ɗaya ba ta rufa wa ɗaya asiri. Gwada 33 da 77, haka za ka tarar.

Tsohon Akawu:
Malama ta gama magana. Abin da ke burge ni shi ne, in ka ninka biyu daga cikin jerin, amsar ba ta fita daga jerin. Ɗauki 5 sau 13: 65 ce, tana fitowa har ta hanya biyu, 64 da 1, ko 49 da 16. Brahmagupta na Indiya ya san wannan tun ƙarni na 7.

Ɗan Aji Shida:
Na gode ƙwarai. Yanzu na ga 21 ta yarda da murabba'i uku: 16, 4, 1. Malama, ukun sun ishi kowace lamba ke nan?

Malama Mai Alli:
A'a. 7, 15, 23, 28, 31 sai da huɗu. Duk lambar da ta bar saura 7 in an raba ta da 8 haka take, da kuma wadda aka ninka irinta da 4 komai yawan ninkin, kamar 28 da 112. Wannan aikin masanin lissafi Legendre ne. Huɗu kam sun ishi kowace lamba, wani masanin, Lagrange, ya tabbatar a 1770. Ka nemo mini na 31 da kanka.