Ina Eddie Murphy ya shige ne bayan Shrek?

Mai_Kallon_Dare: Jama'a, jiya na sake kallon Coming to America na 1988. Wallahi sai a ƙarshen fim na gane cewa tsohon Baturen nan da ke zaune a shagon aski, mai gardama kan dambe, Eddie Murphy ne da kansa. Har na mayar da fim ɗin baya sau biyu. Mutum mai wannan baiwa, me ya sa aka daina jin ɗuriyarsa?

Ɗan_Gardama: Malam, zaɓen fim ne ya kayar da shi. Yana ɗan shekara 19 ya shiga shirin barkwanci na talabijin Saturday Night Live a 1980, sannan Beverly Hills Cop na 1984 ya ɗaga shi sama. Amma The Adventures of Pluto Nash na 2002 ya ci kusan dala miliyan 100, abin da ya dawo bai kai miliyan 10 ba. Wa zai sake zuba kuɗinsa haka?

Uwar_Biyu: Kai ma dai ka cika ƙari. A Dreamgirls na 2006 ya ci kyautar Golden Globe, har aka sa sunansa a takarar Oscar, Alan Arkin ya ɗauke. Ni dai fim ɗinsa Norbit na zarga, wanda ya fito ana tsakiyar kakar kyaututtukan. Yarana kuwa muryar jakin Shrek kaɗai suka sani, ko fuskarsa ba su gane ba.

Mai_Kallon_Dare: To yanzu me zan nema?

Uwar_Biyu: Dolemite Is My Name, 2019, yana Netflix. Amma ka bari yara su yi barci tukuna, bakinsa ba linzami a ciki.